Furen da Aka Shuka wa Farfesa

"Rufe ido, Dakta, ban da leƙe!" in ji Dale, yana jan hannun Maureen zuwa bakin fadama.

Shekara guda ke nan da rasuwar mahaifinsa, Farfesa Halvorsen, wanda ya koya wa Maureen sunan kowace ciyawa a wannan fadama ta jihar Wisconsin. Shi Dale a wajen uwarsa ya tashi, sama-sama ya san uban.

"To, buɗe!"

Ta buɗe. Fure ne mai launin shunayya, iya ganinta.

"A garejinsa na tarar da irin, kwalba goma sha biyu, ga hoton furen ko'ina a ofishinsa," in ji Dale, yana dariya. "Na ce lallai tsohon nan ya fi son furen nan a kaina. Ni kaɗai na watsa shi da bazara. Ban taɓa yi masa komai ba yana raye, Dakta. Da ya ji daɗi, ko?"

Maureen ta sake duban furen. Shekara talatin ita da Farfesa suka yi cikin laka suna tumbuke wannan baƙon fure, domin duk inda ya kama sai ya kashe kowane tsiro. Irin da ke cikin kwalaben kuwa, don gwaji kawai Farfesa ya ajiye shi. Wata biyu kafin rasuwarsa suka cire saiwar ƙarshe, har ya yi rawa cikin taɓo.

Yanzu ga shi ya ƙosa, iri na zuba cikin ruwa.

Dale yana jiran amsa, idonsa cike da hawaye.

Ta gyaɗa masa kai.