Tela Na Biyar

Tun da aka kawo na'urar da ke ba mamaci minti ɗaya na magana kafin a yi masa wanka, Sufeto Lantana ba ta taɓa jin muryar gawa ba. Teloli huɗu aka kashe a garin, kuma kullum Saje Garzali ne ke shiga ya saurara, ya fito ya sha yabo. Ita da ta shekara ashirin a aiki, sai gadin ƙofa.

Da hantsi aka tsinci gawar tela na biyar.

"Ranki ya daɗe, gawar namiji ce, ki jira a waje," in ji Garzali.

Kishi ya turnuƙe ta. Da ya shiga, ta ɗauki abin sauraro na biyu na na'urar, ta cusa a kunne ƙarƙashin ɗankwalinta.

Muryar mamacin ta zo a hankali: "Garzali, ka dawo? Ko almakashin da ka soke ni da shi ka manta?"

Garzali ya fito yana girgiza kai. "Bai ga fuskar kowa ba."

Lantana ta dafa bindigarta. Abin kunya, daɗi ne ya riga tsoro isowa zuciyarta.