Asirin Chidimma a Taron Addu'a

Chidimma tana da ciwon farfaɗiya, amma shekara huɗu ke nan bai kayar da ita ba, don ba ta wasa da magani. Shinkafa da miya take sayarwa a bakin tashar Daura, saura wata biyu aurenta da Chiedozie mai shagon kayan babur.

Da ƙafarta ta je gidan Mama Chinyere, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, tana kuka. Ta ce so take ta gaya wa Chiedozie gaskiya kafin aure, amma ta rasa ta inda za ta fara. Mama ta rungume ta, ta ce maganar ta mutu a ɗakin nan.

Mama Chinyere ba muguwa ba ce. Wajen azumi da gaida marasa lafiya babu mai kamo ƙafarta. Bakinta ne dai ba ya riƙe magana, kuma ta samo wa halin nata suna mai daɗi, wai roƙon addu'a.

Ranar Laraba a taron zumunta ta miƙe, ta marairaice murya. "'Yan'uwa, mu sa wata amarya a addu'a. Ba zan kama suna ba, farfaɗiya ke damunta."

Amarya nawa ce a cocin? Ɗaya tak!

Kafin Lahadi zance ya shiga kasuwa. Chiedozie a bakin wani makanike ya ji. Ba ciwon ne ya fi ƙona masa rai ba, jin da ya yi a titi ne. Ya fasa auren. Masu cin abinci suka watse, wai ana ɗaukar ciwon a cokali, alhali ƙarya ce. Baƙin ciki ya sa Chidimma ta daina fita, ta daina shan magani.

Sai bayan mako uku Mama ta je neman gafara. Ta tarar da ɗakin Chidimma a kulle. Kulu maƙwabciya ta ce ciwon ya tasar wa Chidimma tana gaban murhu, ta faɗa wuta, 'yan'uwanta sun tafi da ita garinsu, fuskarta duk ƙuna.

"Ke ce mai addu'ar?" in ji Kulu. "Da kin yi ta ke kaɗai, ai Allah yana ji."

Mama ta zauna a ƙasa.

Jama'a, tsarkin rayuwa ba ya tsayawa a azumi da zuwa coci, har da harshe. Wanda ya ba ka asirinsa, ka kai wa Ubangiji a ɓoye, kada ka sa wa gulma rigar addu'a.