Laifin Sauri

Wani makaniki ya iso ƙarshen gudun fanfalaki shi kaɗai, sai ya tarar ko zaren da na ɗaya zai tsinke ba a ɗaura ba. Ana ta jera wa manyan baƙi kujeru.

Shugaban kwamiti ya harare shi. "Haba malam! Don titi ba hawa ba gangara sai ka kwaso gudu haka? Mai hoto bai zo ba. Koma kwanar can, sai na ɗaga hannu."

Ya koma yana ɗingishi, aka ɗaura zaren. Yana tsaye yana jiran hannu, ɗan tsere na biyu ya wuce shi fuu, ya tsinke zaren. Aka ɓarke da tafi.

Da ya kai kuka, shugaban ya dafa kafaɗarsa.

"Mu fa da tsari muke aiki, ɗan'uwa. Baɗi ka zo a kan lokaci."