Pancracio Bai Taɓa Canzawa Ba

Juyawa kawai Nelvin Argueta ya yi don ya gyara fitilar ɗaukar hoto. Kafin ya waiwayo, keji wayam. Pancracio ya yi fir ta taga, ya haye rufin majami'a, ya ɓace. Da rana tsaka abincin Nelvin ya yi fiffike yana kallo.

Kada ka ce ai aku ne kawai. A garin Santa Rosa kowa ya san Pancracio shi ne fuskar kamfanin kofi na Tres Lomas. Marigayi Don Cástulo, wanda ya kafa kamfanin, shi ya rene shi tun yana ɗan tsako. Zanensa na jikin kowane gwangwani, wani tsohon zane da ake yi wa dariya, wai mai zanen bai iya ƙirga yatsun tsuntsu ba. A ƙasa kuma ga taken kamfanin: Ba mu taɓa canzawa ba.

Nelvin ke riƙe da shafin tsuntsun na intanet. Shi ke ɗora masa 'yar hula, ya ɗauke shi yana ihun "A ƙaro kofi!", ya rubuta barkwanci da sunansa. Mabiyan akun nan sun fi mutanen garin yawa, kuma da su kamfanin ke cin kasuwa. In babu Pancracio babu shafi, in babu shafi Nelvin ya koma gidan uwarsa yana jiran a miƙo masa wake.

Sa'arsa ɗaya, Doña Herminia, matar marigayin kuma mai kamfanin yanzu, ba ta ko kusantar kejin. Ma'aikata na cewa tsuntsun na tuna mata da mijinta ne.

Nelvin ya zarce bayan kasuwa, inda ake sayar da abin da ba a ba da rasit a kansa. Wani tsoho mai kama tsuntsaye ya jawo masa keji daga lungu.

"Ga wannan. Ya daɗe yana cinye mini masara a banza. Ba ya cewa uffan, shi ya sa ba mai tayawa. A unguwarku ma na kama shi, tun gashina na baƙi."

Kore ne shar, da rawaya a ƙeya, sak wancan. Nelvin ya ɗora masa hula, ya ɗauki hoto, ya watsa, ya yi ajiyar zuciya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wata malamar makaranta mai ritaya, wadda Allah ya hore wa lokaci da tabarau, ta buɗa hoton ta ga ƙafar hagu babu yatsa ɗaya. Ta jera shi da hoton makon jiya. Kafin a tashi aiki, jama'a sun yi ca: "Ina kuka kai Pancracio?"

Nelvin ya yi duk abin da sana'a ta koya masa. Ya fara da raha, aka ƙi dariya. Ya fitar da sanarwa cewa Pancracio ya ɗan ji rauni, yana godiya da addu'o'i, aka ce a nuna likitan. Ya toshe malamar, ta dawo da ɗalibanta na shekara talatin. Ya ɗora tsohuwar murya a kan sabon bidiyo, wani ɗan iska ya lura baki ba ya motsi. Kamfanin da suke gasa da shi ya rubuta: "Mu dai ba mu da aku, amma ba mu da ƙarya." Wani babban kanti a birnin San Pedro Sula ya dakatar da oda.

Nan Doña Herminia ta kira shi ofis. Ita ba ruwanta da waya, sai da ya yi mata bayani.

"Doña, cewa suke wai ba Pancracio na asali ba ne."

Cokalin da ke hannunta ya faɗi cikin kofi.

"Wa ya gaya musu?"

Nelvin ya yi ta maza, ya rantse da Budurwa Maryamu cewa sharrin mahassada ne kawai.

"To gobe ka kunna abin naka, ni da shi mu fito duniya ta gani. In ya ba ni kunya, ɗan nan, ka kwashe kayanka."

Washegari dubban mutane suka zuba ido kai-tsaye. Nelvin ya saita wayar. Tsuntsun ya yi zugum kamar kullum. Doña Herminia ta matso da murmushin dole, ta tsaya nesa kaɗan, ta ce, "To, Pancracio, gaida jama'a mana."

Akun ya karkata kai. Ya ƙura mata ido ɗaya, ya daɗe. Can ya buɗe baki, sai ga wata dusasshiyar muryar dattijo:

"Mincha! Kin sake ƙona kofin nan!"

Shi ke nan, an gama da ni, in ji Nelvin a ransa. Akun kamfanin kofi, a gaban duniya, da ƙonannen kofi! Ko wace ce Mincha ma bai sani ba.

Doña Herminia ta dafa teburi. Ta sunkuya ta dubi ƙafar hagun, ta ga sak irin ta zanen gwangwanin ce, hawaye suka zubo mata. Ta manta sarai da wayar da ke kallonta, ta damƙi hannun Nelvin.

"Ɗan nan, ina ka samo shi? Ai wannan ne na Cástulo. Mijina kaɗai ke kirana Mincha. Tun shekarar da ya rasu ya tsere mini, na je bayan kasuwa na sayo wancan."