Kakakin da Ya Iya Cewa Albarka

Mamuda, tunda jama'a sun ɗora ka a kujerar kansila, karɓi wannan misali daga Yayarka. 'Yata mai aikin jinya a Amurka ce ta ba ni shi a waya, ni kuma na auna shi da mudun kasuwa na ga ya cika har da gyara.

A wata jiha ta manoma can ƙasar, an yi wani mutum ɗan dillalin shanu. A kara, kasuwar shanu, ya girma, yana kallon yadda ubansa ke raba mai saye da mai sayarwa kowa ya tafi da fuskarsa. Da ya kai mutum, mutanen yankinsa suka tura shi majalisar jiha. Ya fara daga kujerar baya, inda ake zaunar da sababbin zuwa. Shekara goma sha takwas yana matsowa gaba, layi bayan layi, har 'yan majalisa suka zaɓe shi kakakinsu. Kakaki a can, 'yar guduma ta katako ake miƙa masa. Wanda bai kira sunansa ba, ba ya magana. Takardar da bai ɗora a tebur ba, a aljihun tebur take mutuwa. Waɗanda suka riga shi sun yi ta dukan tebur har guduma ta tsage, sai da aka sassaƙo sabuwa aka ba shi.

To, akwai wata mata a ɓangaren hamayya, tsohuwar malamar makaranta daga birni. Ta kawo buƙatar a gina asibitin haihuwa a unguwarsu. Mutanen kakaki suka ce a jefa takardar aljihun tebur, a bar ta ta yi ta ɗaga hannu har ya sage. Shi ma ya san ba zai ba ta ba, don ya riga ya yi wa nasa mutanen alkawarin gadoji a shekarar, kuma ba ya cin alkawari. Amma bai aika mata masinja ba. Ya taka da ƙafarsa har ɗan ofishinta na ƙarshen baranda, ya cire malafarsa, ya ce mata bana ba zai yiwu ba, ga dalili. Da aka zauna majalisa kuma ya kira sunanta, ya bar ta ta yi maganarta tun daga farko har ƙarshe, guduma na kwance. Sau uku ta kawo, sau uku ya hana, sau uku ya taka da ƙafarsa. Mutanensa har zolayarsa suke, wai kakaki ya zama ɗan aiken malama.

Ka san abin da ya yi ke nan? Albarka ya ce. Ban san yadda suke faɗinta da harshensu ba, amma ita ce. Shekara talatin ina sayar da man gyaɗa tun rasuwar mijina Malam, ba namijin da ya taɓa karya mini farashi, ka tambayi duk layin. Amma ba wanda na taɓa ce wa ya ba ni wuri. In tayi bai yi mini ba, albarka nake cewa, ina kallon idon mutum. Kayana na nan, mutuncinsa na nan, gobe ma kasuwa ce.

Ana nan sai fari ya faɗa wa yankin kakaki, damina biyu a jere. Rijiyoyi suka ƙafe. Mutanen da suka tura shi majalisa suka fara kai shanu masu ciki mahauta. Mafita ɗaya ce: a yi doka a jawo musu ruwa daga wata madatsa da ke ba birni. In dokar ta faɗi, kafin wata damina ba sauran garke a ƙasar ubansa. Nan ne 'yan birnin da ke cikin jam'iyyarsa, masu yi masa dariya jiya, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ranar ƙuri'a kowa na da maɓalli a gabansa, kore na amincewa, ja na ƙi, sunaye kuma na jikin allo kowa na gani. Fitilu suka kama, kore da ja suka yi kunnen doki. Suna ɗaya ya rage babu haske, na malamar nan, wadda ruwan unguwarta za a rage, wadda har ranar ba ta ga tubalin asibitinta ba. Kakaki bai dube ta ba. Ya ɗora hannuwansa a tebur ya jira, irin jiran mai kaya da ya san abin da ya kasa. Koriyar fitila ta kama a kan sunanta.

Da 'yan ɓangarenta suka tare ta a ƙofa, abin da ta ce musu kawai: "Sau uku ya hana ni, bai taɓa sa na ji kunyar fitowa daga zauren nan ba."

Ruwa ya isa gonaki. Asibitin ma an gina shi bayan shekara biyu, shi ya ɗora takardar a tebur da hannunsa. Ranar da ya sauka don tsufa, ya miƙa gudumar ga magajinsa, aka juya ta aka duba, ko fentin bakinta bai goge ba.

Kai ma za a zo maka da abin da ba za ka iya bayarwa ba, Mamuda. Kada ka sallama don tsoro, gidanmu ba a haka. Amma ka tashi tsaye ka hana, da fuskarka, da ƙafarka. Hausawa sun gama magana: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.