Babur Mai Tonon Asiri

Akwai mugu a tsibirin Atiu, kuma da mu yake cin abinci, da mu yake zuwa coci. Ba zan kama suna ba tukuna. Amma duk wanda ya mayar da babur ɗin dattijo kamar Papa Teokotai abin dariyar gari, ba ya tsoron Allah.

Babur ne lafiyayye a da, ba ka jin tahowarsa sai ya wuce ka. Tun da Papa ya canja masa sarkar taimin ta cikin inji bara, ya zama bindiga. A taka kik, tas! A saki mai, tas-tas! Kaji su watse, aladu su tsinke igiya.

Ba ƙarar ce ta dami Papa ba, abin da take jawo masa ne. Likita ta hana shi giya saboda ciwon sukari, matarsa Mama Tepaeru kuwa ta rantse ranar da ta kama shi da ƙoƙo a baki, gaban fasto za ta kai shi, ya yi sallama da kujerar dattawan coci. Shi kuma ransa na wajen tumunu, inda maza ke kewaye kututturen kwakwa cike da giya a daji, ƙoƙo ɗaya na zagaya su. Wuraren zaman suna da yawa, kowanne da lungunsa. Amma duk wanda ya nufa, kafin ƙoƙon ya iso kansa sai ga Mama a kan kekenta, da fure a kunne.

"Teo, don Allah ka riƙa zuwa a ƙasa," in ji abokinsa Moetaua. "Kai kaɗai ke zuwa shan giya da sanarwa."

"Da wannan gwiwar? Sarkar ce jabu, ɗan iskan can na tsibirin Rarotonga da ya sayar min da ita ya cuce ni. Bari dai jirgin ruwa ya zo."

Jirgi ya zo da sabuwar sarka. Ranar Asabar Papa ya baje kaya a gindin mangwaro, ya yi aikin yadda ake yinsa. Ya cire fulogi, ya juya injin da sifana har harafin T na ƙasa ya tsaya a bakin tsagarsa, wato fistan ya hau ƙololuwa. Saura faifan nan mai haƙora na sama, wanda ke juya sandar kam ta buɗe bawul. Dole alamarsa ta fuskanci tsagar kan inji. A kauce da haƙori ɗaya, bawul ya riƙa buɗewa ba a kan lokaci ba. Papa ya san wannan sarai, har wa'azinsa yake yi wa mutane.

Matsalar dai alamar kamfani ƙarama ce kamar kashin ƙuda, gilashin idonsa kuma ya ɓace tun bara. Allah ya taimake shi, wani ɗan albarka, mai babur ɗin na farko tabbas, ya ɗiga jan fenti a wurin. Baran ma bai lura da ɗigon ba sai da ya bar injin a buɗe ya je ya ci abinci ya dawo.

Yana cikin lallaɓa sarkar sai ga Mama da kwanon ɗanyen kifi a madarar kwakwa.

"Tsoho, ci wannan kafin ka ƙarasa kashe shi."

"Ke, matsa min daga haske. Wannan ba ɗinkin bargo ba ne."

Ta leƙa injin sau ɗaya. A cikin baƙin mai ta girma, a gidan ubanta marigayi bakaniken tsibirin, amma tun da ta yi aure ba wanda ya taɓa ganin ta da sifana.

"To, ka dai bi alama," ta ce, ta koma ciki.

Ya bi. Jan ɗigo ya zauna cif a bakin tsaga. Ya ɗaure, ya juya injin da hannu, ba abin da ya tokare. Ya rufe, ya wanke hannu, ya sa rigarsa mai furanni.

"Zan ɗan gwada shi in dawo," ya ce da ƙofa.

Har kwanar coci lafiya lau. Zuciyarsa ta yi fari, har ya fara jin ɗanɗanon giya a harshe. Ya saki mai zai karya kwana.

TAS!

Ya zagi sarka, ya zagi mai sayar da ita, ya zagi jirgin da ya kawo ta da kyaftin ɗinsa. Amma bai juya ba. Ya ci gaba cikin daji, babur na shelar kowace kwana.

A gida, Mama Tepaeru na zaune a baranda, ƙafa a kan kujera, gilashin da ya ɓace bara a kan hancinta. Ta karkata kunne ta ce, "Yau na wajen kogo ne." Ta hura farcenta, ta rufe 'yar kwalba, ta jawo keke.

Ku je ku dubi jan farcen nan, ku dubi ɗigon da ke zaune haƙori ɗaya daga alamar gaskiya, sannan wani ya zo ya ce min ba daga kwalba ɗaya suka fito ba.