Tabon Hannun Matar Mai Albasa

Haba Lantana, ni za ki miƙo wa kwalbar mai ki ce in sansana? Shekara talatin na yi ina wankin gyambo a asibiti, ban taɓa ganin inda hanci ya gane abin da zai yi wa fata amfani ba. Tunda man kariyar rana kike nema wa 'yarki, gyara zama gwaggonki ta ba ki wani misali.

An yi wani manomin albasa a bakin fadama, zabiya ne fari tas, mutumin kirki, sai dai taurin kai kamar mutanen farko. Rana ba ta raga masa ko kaɗan. Leɓensa ya tsage, ƙeyarsa ta yi jawur, kunnuwansa kullum cikin ɓawo. Wansa ma zabiya ne, kuma wani ɗan ƙurji ne a bayan kunne ya ƙi warkewa har ya zama ajalinsa. Shi ya sa duk safiyar da mutumin nan ya saɓa fartanya sai gaban matarsa ya faɗi. Ita baƙa ce wuluk, sana'arta shanyar tattasai da tumatir, tana son mijin nan kamar ranta. Ita ta matsa masa lamba har ya je wurin likitan fata, aka ba shi wani mai. Man nan fa ba shi da fasali: ga kauri, ga fari kamar alli, ba ƙamshi, in an shafa sai ya zauna daram a fuska. Amma cikin wata guda kunnuwa suka daina ɓawo. To, sai abokan noma suka samu abin yi. Da ya doso fadama za su ɗauka, "Ango ya sha hoda!" Namiji kuwa, kin san halinsu, zai jure rana ta gasa shi amma ba zai jure a yi masa dariya ba.

Wata ranar kasuwa ya kai albasa, ya dawo da wani mai daga wurin masu talla da lasifika a tasha. Murfi ruwan gwal, ƙamshi har ƙofar gida, da an shafa ya ɓace cikin fata. Ba lambar hukuma a jikinsa, ba ranar lalacewa, rubutun ma duk unguwar ba mai iya karanta shi. Ya shigo yana washe baki, wai daga gobe ya huta da tsiyar mutane. Matar ta san halin kayanta, in ta ce kada ya shafa, a gabanta zai lafta rabin kwalba. Sai ta yi fari da ido ta ce, "Maigida, wannan ƙamshin ai na mata ne. Bar mini shi mako guda in ɗana, sannan ka karɓi abinka." Shi kuwa tunda suke bai taɓa iya hana ta komai ba, ya miƙa mata yana dariya.

Kowace safiya sai ta shafa sabon man a hannun hagu, tun daga gwiwa har wuyan hannu, ta shafa na asibiti a dama, ta fita shanyarta cikin rana. Kwana uku ƙaiƙayi ya fara. Kwana biyar ya koma raɗaɗi, baiwar Allah ta cije, ta rufe da mayafi. Ran na bakwai da azahar ya dawo daga fadama, ta durƙusa za ta zuba masa ruwan wanke hannu, mayafin ya zame. Wayyo Lantana! Hannun dama lafiya lau, na hagu kuwa ya yi dabbare-dabbare, ya saɓule, yana tsattsafo da ruwa. Fatar da ta ninka tasa ƙarfi ke nan fa. Yana ganin haka sai ya kai hannu ya shafa bayan kunnensa. Ƙato da shi, sai ga hawaye shar-shar, abincin ranar dai bai ciwu ba. Shi ya goya ta a babur zuwa asibiti, da kwalbar a aljihu. Aka duba aka ce man bilicin ne mai cin fata, ba ya kare fata daga rana ko kaɗan, kuma da shi ya shafa a wannan kunnen nasa, sai dai wani ikon Allah.

Ciwon ya warke, tabon bai tafi ba. Shi kuma ba a sake cewa da shi shafa ba. Ya lafta farin mansa, ya kifa malafa, ya sa riga mai dogon hannu, mai dariya ya yi ta yi. Kuma ba ya fita gona sai ya zauna ya kama hannun nan ya murza masa man kaɗe, tana ce masa ya tashi rana na yi, yana cewa albasa ta jira. Haka suka yi ta yi har furfura ta rufe su, har jikokinsu suna leƙe suna ƙyalƙyala dariya.

Ni fa ban ce ki yi irin tata ba, don wauta ce, ko da yake wautar so ce, kuma wallahi duk sanda na tuna ta sai zuciyata ta karye. Ke kina da masana a kusa, ki kai musu su karanta miki abin da ke ciki tun bai taɓa jikin kowa ba. Shi dai mai albasa a mako guda ya gane man da zai riƙe, ya kuma gane irin matar da Allah ya ba shi. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.